Masu kai doka har ruga

A Nijar, dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo hakkin makiyayi ne, ta kuma hana toshe burtali. Sai dai da Faransanci aka rubuta ta, mutanen ruga kuwa Fulatanci da Buzanci suke ji.

Nan aikin masu wayar da kai kan doka ya fito, irin waɗanda ƙungiyar makiyaya ta AREN ke horarwa. Bakin rijiya da kasuwar dabbobi ne ajinsu. Suna bayyana inda ake kai ƙarar ɓarnar gona, da yadda sulhu ke gudana gaban hakimi kafin alƙali.

Abin yabo, ba sa barin mata a baya, don matar ruga ma tana da shanunta, kuma ta kan gaji wasu.