A Bar Raina Ƙirgen Ɗigon RAD51

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin masu binciken kansa, wai zamanin leƙa madubin likita ana ƙirga ɗige-ɗige ya wuce, na'urar karanta jerin DNA ta gaje komai. Ban yarda ba. Idan ana batun rarrabe majinyacin da kemo zai yi wa amfani da wanda zai sha wuyarsa a banza, ƙirgen nan da ake rainawa ya fi kusa da amsa.

Sanin kowa ne yawancin magungunan kemo ɓarna suke yi wa DNA. Sisfilatin, da aka amince da shi a Amurka a 1978, da ƙanensa kabofilatin suna ɗaure igiyoyin DNA, sai su tsinke lokacin da ƙwaya ke ƙoƙarin kwafarsu. Ƙwayar kansar da ta iya gyara ta tsira, wadda ta gaza ta mutu. An gano ƙwayar gado BRCA1 a 1994, BRCA2 a 1995, aka kuma fahimci su ne ginshiƙin gyaran tsinkewar igiya biyu. A 2005 tawagar Thomas Helleday a Shefild da ta Alan Ashworth a Landan suka nuna cewa ƙwayar da ta rasa BRCA ba ta jure maganin da ke toshe furotin PARP, kuma daga nan irin wannan magani, olafarib, ya iso asibiti a 2014. Tuntuɓen da aka yi a hanya shi ne na ERCC1. A 2006 an ɗauka yawan wannan furotin a kansar huhu zai faɗi wanda sisfilatin zai amfana, sai a 2013 ta bayyana cewa sinadarin rinin ba ya bambance nau'in furotin mai aiki da marasa aiki. An auna yawa, an bar aiki.

Masu sukar za su ce ai yanzu akwai gwajin tabo, irin su myChoice da aka amince da shi a 2019, wanda ke tara alamun ɓarna iri uku a jikin kuromosom ya ba da maki, daga 42 zuwa sama a ce ƙarin ba ya iya gyara. Gwaji ne mai amfani, amma tarihi yake karantawa. Tabon agana a fuskar dattijo yana shaida ya taɓa yin cutar, bai ce yau yana kwance ba. Tun 2008 aka nuna cewa ƙarin da ya sha magani kan sake wani sauyi a cikin BRCA2 wanda ke dawo masa da ƙarfin gyara. Tabon na nan, makin na nan, amma maganin ya daina ci. Matar da aka ɗora a kan sa bisa wannan makin, amai da kasala da ƙarancin jini kawai za ta kwasa.

Ga yadda ƙirgen yake. Idan igiyoyin DNA biyu suka tsinke, ƙwaya takan fere bakin tsinkewar har sili ɗaya ya fito, sai BRCA2 ya jera furotin RAD51 a kansa. Wannan silin shi ke laluben kwafin da bai lalace ba domin a gyara da shi. Taruwar RAD51 a wurin tana fitowa ɗigo mai haske a cibiyar ƙwaya idan an rina. Abin da ya sa nake son gwajin shi ne RAD51 yana can kusa da ƙarshen jerin aikin. Ko BRCA1 ne ya lalace, ko BRCA2, ko PALB2, ko RAD51C, ko ma ƙwayar gadon lafiyarta lau an dai rufe mata baki ne, sakamakon ɗaya ne: babu ɗigo. In ƙarin ya farfaɗo ta kowace dabara, ɗigon ya dawo, ko da ba a san dabarar ba.

Fasahar tana cikin rini biyu da ake haɗawa da shi. Na farko jeminin. Wannan hanyar gyara ba ta aiki sai ƙwaya ta fara kwafar DNA ɗinta, domin kafin nan babu kwafin da za a duba. Wanda ya ƙirga dukkan ƙwayoyi zai ɗauki masu hutu a matsayin masu gazawa. Jeminin yana bayyana ne a daidai wannan zangon, don haka ƙwayoyin da suka ɗauke shi kaɗai ake ƙirgawa. Na biyu gamma-H2AX, alamar cewa lallai akwai tsinkewa, domin rashin ɗigo a ƙwayar da babu abin gyarawa a cikinta ba ya nufin komai. Wannan taka-tsantsan shi ne abin da gwajin ERCC1 ya rasa.

Makarantu biyu ne a kan aikin. A asibitin Erasmus na Rotadam suna ɗaukar ɗanyen yankin ƙari, su haska masa radi mai ƙarfin giree 5, su jira awa 2, sannan su ƙirga. A cibiyar Vall d'Hebron ta Basalona, tawagar Violeta Serra ta lura cewa ƙari mai saurin girma yana da isasshiyar ɓarna tasa ta kansa, don haka tsohon yankin da aka adana cikin kaki ya wadatar. Ƙwaya mai ɗigo 5 ko fiye ta iya gyara. Idan irinsu ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba, ƙarin ya gaza. Na fi karkata ga ta Basalona, domin ɗanyen nama ba ya jiran kowa. A 2021 sun gwada ta a kan samfuran binciken GeparSixto na Jamus, na mata masu nau'in kansar mama da ake kira mai kore uku, aka ga ƙarin kabofilatin ya ninka yawan waɗanda ƙarinsu ya ɓace tas a cikin masu ƙarancin RAD51, bai kuma ƙara wa sauran komai ba.

Cewa ido yana kuskure hujja ce marar ƙarfi. Da ido ake yanke matakin kowane ƙari, kuma kwamfuta tana iya taya ƙirge. Sukar da ke da nauyi ita ce gwajin ba ya ganin kowace kafa: ƙari mai lalatacciyar ƙwayar gado ATM yana yin ɗigonsa duk da lahanin, wani kuma yakan bijire wa magani ta hanyar tunkuɗo shi waje. Har yanzu kuma ana bukatar manyan gwaje-gwaje da za a zaɓi magani tun farko bisa ƙirgen.

Ina ganin an fifita karanta jeri ne saboda yana da kamfanonin da ke tallata shi, ƙirge kuwa aikin likitan nazarin tsoka ne, ba ya da mai kiranya. Bukatar kuwa tana nan: binciken Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta na 2018 a kan masu kansar mama a Ibadan ya sami lalataccen BRCA1 a kashi 7 cikin 100, BRCA2 a kashi 4, adadi mai yawa ƙwarai. Kabofilatin yana samuwa a asibitocin koyarwa, yankin ƙari cikin kaki ma haka. Abin da gwajin zai nema shi ne madubi mai hasken rini, sinadaran rinin, da kula wajen tsoma naman a fomalin da zarar an fito da shi daga tiyata, domin yankin da ya jima a waje ɗigonsa ba abin dogaro ba ne.