Yadda Basarke Yake Karanta Kogin Isa da Dare

Lokacin da samarin unguwar Koira Kano ta Yamai suke hura gawayin shayi a fada bayan isha'i, can gangare wajen Gudel Sarkawa ne ke tura jiragensu cikin kogin Isa. Kayan aikin ba su da yawa: filafili na tuƙi, doguwar sanda ta dogara jirgi inda ruwa bai da zurfi, tocila ɗaure a goshi, sai birgi da mamari.

Mamari ake fara shimfiɗawa. Doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi jere kusa da juna, kuma ba a sa musu koto. Ana kwantar da ita dab da ƙasan ruwa, kan hanyar da tarwaɗa ke bi idan ta fito kiwon dare, sai ƙugiya ta kama ta a jiki. Sanin wannan hanya cikin duhu shi ne aikin. Basarke yana caka sanda, hannunsa ya gaya masa yashi ne, laka ce ko dutse.

Birgi kuwa raga ce mai da'ira da aka jera wa dalma a baki. Mai jifa ya ɗaura igiyarta a wuyan hannu, ya tattara ragar ninki-ninki, ya rataya wani sashe a gwiwar hannu, ya kafa ƙafafu a goshin jirgin da ke rawa. Sai ya juya ƙugu ya saki. Idan jifa ta yi kyau, ragar ta buɗe gaba ɗaya a sama, dalma ta taɓa ruwa lokaci guda. Na baya da ke riƙe da filafili, sau da yawa ƙane ko ɗa, ba ya jiran a ce masa tsaya. Ƙarar faɗuwar dalma ta ishe shi.

Abin da dare ke nunawa a nan, baƙo zai rantse aikin aljannu ne. Ka haska tocila, ka ga kifi yana iyo a rigingine, ciki sama, yana kiwo a fuskar ruwa. Wani nau'in ƙurungu ne, haka Allah ya yi shi, har cikinsa ya fi bayansa duhu. Ka ciro shi ya riƙa ƙara da ƙayar gefensa, wadda in ta soki yatsa sai an kwana ana jin zogi. Ko kana jan raga hannunka ya yi zir har kafaɗa: minjirya ce ta shiga, wadda babbarta kan saki wutar da ta kai bolt 350. Gwani ba ya kai mata hannu, juye ragar yake yi ta zube da kanta. Idon giwan ruwa ma yana walƙiya idan haske ya same shi.

Dorina ita ce ba a wasa da ita. Da dare take fitowa cin ciyawa a tsibirai da gonakin shinkafa, kuma mai ɗa ba ta da haƙuri. Tun kafin a gan ta ake jin hucinta. Basarke ya kashe tocila, ya daina jifa, ya kauce wa tsakaninta da ruwa mai zurfi, domin can za ta nufa idan ta firgita.

Kogin ma ba ɗaya ba ne duk shekara. A Agusta da Satumba ruwan Sirba da sauran rafukan da ke gangarowa daga Burkina Faso yakan rina shi ja. Wajen Janairu kuma ambaliyar da ta taso tun daga tsaunukan Gini take isowa Yamai, daidai lokacin da sanyin hunturu ke sa tururi tashi a kan ruwa da asuba, har fitilun gadar Seyni Kountché su dushe. Kowane ruwa da inda kifi ke kwana. A Yunin 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai saboda fari, yanzu kuma yashi ne ke cike gurabun da kifi ke taruwa, don haka sai an ƙara nisa kafin a samu na miya.

Idan Gamzaki ya fito sai a koma a ɗaga mamari, a cire kifi ƙugiya bayan ƙugiya da yatsun da sanyi ya ƙandare. Mai saye, in an yi maka kuɗin tarwaɗa da safe a bakin kogi, ka sassauta tayi.