Kundin Hamman Yaji na Madagali: Sharhi a Kan Murya da Fassara da Matsayinsa a Ƙasar Mubi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1995 ne maɗaba'ar Jami'ar Indiyana ta ƙasar Amurka ta buga littafin The Diary of Hamman Yaji, wanda James Vaughan da Anthony Kirk-Greene suka shirya, suka kuma yi masa gabatarwa da ƙarin bayani. Littafin yana ƙunshe da abubuwan yau da kullum da Hamman Yaji, mai mulkin Madagali da ke arewa da Mubi, ya sa aka riƙa rubuta masa daga 1912 zuwa 1927. Abin da ya bambanta shi da galibin rubuce-rubucen da suka shafi bauta a ƙasashen nan shi ne, mai kama bayin ne ke magana da bakinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba littafin ta fuskar salonsa da harsunan da ya ratsa kafin ya iso hannun mai karatu, sannan ta auna amfanin da zai iya yi wa al'ummomin ƙasar Mubi, waɗanda jikokin maharan da jikokin waɗanda aka hara suke cin kasuwa ɗaya a yau.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Hamman Yaji ya hau sarautar Madagali a 1902, bayan sojojin Jamus sun kashe mahaifinsa, Arɗo Bakari. Mulkinsa ya ratsa zamanin Turawa iri uku, wato Jamusawa, sai Faransawa da suka karɓi yankin a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sannan Ingilishi. Mafi yawan hare-haren da kundin ya ambata sun auku ne tsakanin 1912 da 1920, a kan mutanen duwatsun Mandara irin su Sukur da Mafa da Margi da Kamwe, kuma idan aka tara adadin waɗanda aka kama sun haura dubu. Wannan kuwa ya faru ne shekaru bayan dokar Lugga ta 1901, wadda ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara a Arewacin Nijeriya. A 1927 Ingilishi suka tuɓe shi suka tsare, kuma babban abin da ya tayar musu da hankali shi ne alaƙarsa da Mahadiyya. Ya rasu a 1929 nesa da gida.

3.0 Salon Kundin

Wanda ya saba da littattafan tarihin sarakuna zai sa ran ya tarar da kirari da kambamawa da kafa hujja. Babu ko ɗaya daga cikinsu a nan. Tsarin kusan iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe: a kawo kwanan wata, a faɗi inda aka aika mayaƙa, a faɗi yawan mutane da shanu da aka samo, wani lokaci da yawan waɗanda aka kashe, sai a wuce. Jimlolin gajeru ne, aikatau ne ke ɗauke da su, siffa kuwa ba ta cika fitowa ba. A shafi guda ana iya samun labarin hari da na ciniki da na kyautar da aka yi wa Bature da na wani aikin ibada, duk da murya ɗaya.

Wannan rashin ado shi ne ƙarfin kundin a matsayin shaida. Marubucin da ke neman kare kansa yakan ƙara ko ya rage, amma shi wannan lissafin dukiyarsa yake yi, bai kuwa ga abin kunya a ciki ba balle ya ɓoye. Ke nan mai nazari ya sami abin da rahotannin Turawan mulki ba su iya ba shi ba, wato yadda ɗan'adam ke komawa ƙidaya a idon wanda ya mallake shi. Sai dai kuma nan ne rauninsa yake. Waɗanda aka kama ba su da tarihi a cikinsa, ba a jin abin da suka ce, ba a san inda mafi yawansu suka ƙare ba.

4.0 Matsalar Fassara da Sunaye

Harshen gidan Hamman Yaji Fulfulde ne, amma da Larabci aka rubuta kundin. Bayan an kama shi, wani jami'in mulkin mallaka, Kyaftin L. N. Reed, ya fassara shi zuwa Ingilishi, asalin na Larabcin kuwa ya ɓace. Don haka abin da aka buga a 1995 fassara ce da babu asalin da za a gwada ta da shi. Duk inda mai karatu ya ga kalmar Ingilishi mai ma'anar arna, ba shi da hanyar tabbatar da kalmar da magatakarda ya sa a Larabci, balle wadda mai gidan ya furta. Masu shirya littafin sun yi ƙoƙari wajen bayyana wurare da mutane, domin Vaughan ya yi bincike a tsakanin Margi tun 1959, Kirk-Greene kuma ya yi aikin mulki a Adamawa, shi ne ma marubucin Adamawa Past and Present na 1958. Duk da haka, ƙarin bayani ba ya maye gurbin matanin da ya salwanta.

Batun sunaye ya fi wannan nauyi. Kundin yana kiran shugabannin mutanen dutse da laƙabin Arnaɗo, kalmar da ta haɗa tushen Hausa na arne da ɗafin Fulfulde. Mutanen Sukur kuwa Hidi suke kiran sarkinsu, kansu kuma Sakun. Haka waɗanda tsofaffin takardu ke kira Matakam suke kiran kansu Mafa, Higi suke kiran kansu Kamwe, Kilba kuma Huba. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, tun da shi ma an daɗe ana kiransa Kaɗo, jam'i Haɓe, a bakin wasu. Duk wanda zai mayar da kundin zuwa Hausa, wadda ita ce harshen kasuwa da cuɗanya a Mubi, zai tsaya a wannan mararraba. Idan ya sauya kalmomin raini da na ladabi ya yi wa shaida ha'inci, idan kuma ya bar su tsirara ya fama miki. Mafita ita ce a bar kalmar mai kundin a cikin matani, a kawo sunan da al'umma ke kiran kanta da shi a gefen kowane shafi, ta yadda mai karatu zai riƙa ganin su biyun tare.

5.0 Muryar da Kundin Ya Rasa

Adabin Hausa yana da abin da zai cike wani ɓangare na wannan giɓi. Dorugu, yaron da aka kama bawa a ƙasar Damagaram, wanda ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Abokin tafiyarsa, Abbega, Bamargi ne, wato ɗan al'ummar da daga baya ta sha hare-haren Madagali. Haka nan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna bauta ta idon uwa da ɗan da aka raba. Idan aka karanta kundin Hamman Yaji tare da waɗannan, sai adadin da ya lissafa su sami fuska.

Amma muryar da ta fi cancanta ita ce ta mutanen duwatsun kansu. Nicholas David da Judy Sterner, waɗanda suka yi bincike a Sukur a shekarun 1990, sun nuna cewa ana iya gwada abin da kundin ya faɗa da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Alamar cewa mikin bai warke ba ta fito fili a 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye Madagali, suka shiga Mubi a watan Oktoba, suka kuma kai hari Sukur a watan Disamba. Masu bincike sun ruwaito cewa mutanen Mandara sun riƙa kwatanta sace mata da ƙona gidaje na wannan lokaci da zamanin Hamman Yaji.

6.0 Aikin Cibiyoyi

Akwai masu ganin tono irin wannan tarihi tayar da zaune tsaye ne, musamman a yankin da bambancin addini da ƙabila ke saurin shiga siyasa. Wannan tsoro yana da tushe, domin ana iya ɗaukar laifin mutum ɗaya a jingina wa Fulani ko Musulmi baki ɗaya, alhali kundin kansa ya nuna cewa an yi abin ne a ƙarƙashin tutar Turawa, kuma a yau da yawa daga jikokin waɗanda aka hara Musulmi ne, auratayya ta haɗa su da gidajen Fulani. Sai dai shiru bai hana labarin yawo ba, ya dai bar shi a hannun masu neman ƙuri'a da masu hura wuta.

Darasin baƙaƙen fatar Amurka yana da amfani a nan. A 1926, lokacin da ake kan rubuta wannan kundi, Carter Woodson ya ƙirƙiro makon tarihin baƙar fata, wanda ya zama wata guda a 1976, har aka kai ga buɗe babban gidan tarihinsu a birnin Washintan a 2016. Abin da suka gano shi ne, tarihi mai ɗaci yakan zama magani idan ya sami mazauni da ake taruwa a tattauna shi da hujja. Ƙasar Mubi ba ta rasa irin wannan mazauni ba. Sukur ce wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, saboda fadar Hidi da gandayen dutse da shimfiɗaɗɗun hanyoyi da ƙirar ƙarfe. Jami'ar Jihar Adamawa tana Mubi tun 2002. A watan Disamba na 2024 kuma gwamnatin jihar ta ƙirƙiro sababbin masarautu, ciki har da na Madagali da Michika, abin da ya sake tayar da tambayar wa ke da ikon ba da tarihin wa. Ya kamata waɗannan cibiyoyi su haɗa hannu a naɗi labarai da waƙoƙin tsofaffi da Margi da Kamwe da Sakun da Gude da Fali da Fulfulde, a rubuta su, a fassara zuwa Hausa, a buga su tare da kundin.

7.0 Kammalawa

An ga cewa darajar kundin Hamman Yaji tana cikin rashin adonsa, rauninsa kuma yana cikin ɓacewar asalinsa da shirun waɗanda ya ƙidaya. Vaughan da Kirk-Greene sun cancanci yabo da suka fito da shi daga ma'ajiya, amma sun miƙa shi ne ga mai karanta Ingilishi. Sauran aikin na masana harsunan Nijeriya ne, kuma lokaci ba ya jira, domin waɗanda suka ji labarin daga bakin iyayen da suka gan shi da ido tsufa ya riga ya cim musu.