Tsohon Salo da Sabuwar Annoba: Nazari a kan Zane-zanen Sida na Masami Teraoka

1. Gabatarwa

Tambayar da wannan maƙala take son ta amsa ita ce: shin salon zane da aka ƙirƙira domin nishaɗi yana iya ɗaukar nauyin mutuwa? Za mu duba ta ne ta hanyar ayyukan Masami Teraoka, wanda aka haifa a Onomichi ta ƙasar Japan a 1936, ya tafi Los Anjales a 1961, sannan ya koma Hawai da zama a 1980.

2. Salon da ya gada

Ukiyo-e, ma'ana "hotunan duniya mai shuɗewa", salo ne da ya bunƙasa a zamanin Edo (1603-1868). Ana sassaƙa hoto a jikin allon katako, a shafa launi, a buga a takarda, a sayar da araha. Mafi yawan abin da ake zanawa su ne ƴan wasan kabuki da kyawawan matan unguwannin shaƙatawa. Teraoka ya ɗauki layuka da launuka na wannan salo, musamman na Utagawa Kunisada, amma da fentin ruwa (aquarelle) yake aiki, yana kwaikwayon kamannin bugun katako da hannu. A shekarun 1970 ya yi amfani da shi wajen zolaya, inda ya nuna abincin McDonald's yana mamaye Japan.

3. Daga zolaya zuwa makoki

A 1981 aka fara ba da rahoton cutar sida, a Los Anjales. Ta kai ga Teraoka a 1986, lokacin da jaririn wata abokiyarsa ya kamu ta hanyar ƙarin jini. A wannan shekara ya zana "Kabukin Amurka (Oishiiwa)", a kan shamaki mai naɗewa: wata mata a cikin igiyar teku, gashinta yana zubewa, tana riƙe da jariri. Sunan yana nuni ga Oiwa, matar da guba ta ɓata wa fuska a wasan Yotsuya Kaidan na 1825, wadda ta dawo a matsayin fatalwa tana neman hakkinta.

A nan ne, a ganinmu, ƙarfin aikin yake. Fatalwar kabuki wadda aka zalunta ce, saboda haka mai kallon da ya san wasan ba zai tambayi laifin da matar ta yi ba, zai tambayi wanda ya cuce ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin da ake ɗora wa masu cutar laifin ciwonsu. Tarihi ma ya gaskata shi: a Japan, masu ciwon rashin daskarewar jini kusan 2,000 sun kamu ta hanyar gurɓatattun magungunan jini, har ministan lafiya Naoto Kan ya nemi gafara a 1996.

A "Geisha da Ƙwarangwal" (1989), wani tsohon baƙo da ya mutu ya dawo wurin geisha, ita kuwa tana yage ƙunshin kwaroron roba da haƙora. Hoton yana tuna mana da ƙwarangwal ɗin Hokusai mai leƙe ta saman gidan sauro. Ke nan mutuwa ba baƙuwa ba ce a ukiyo-e. Teraoka ya fito da abin da ke cikin salon tun asali.

4. Inda aikin ya raunana

Duk da haka, muna da suka guda biyu. Na farko, jikin mace ne ya fi ɗaukar nauyin cutar a waɗannan hotuna. A "Geisha a Wanka" (1988), ita ce take fama da kwaroron roba, namiji kuwa ba ya nan. Ana iya cewa an ba ta ikon kare kanta, amma ana iya cewa kuma an bar mata hakkin da ya rataya a kan mutum biyu. Ga mai kallo Ba'amurke, wanda ya saba ɗaukar geisha a matsayin abin sha'awa daga nesa, kyan hoton yana iya hana shi jin zafinsa.

Na biyu, rubutun Japananci da ke cikin zanen yana ɗauke da zance da ba'a, alhali mafi yawan masu kallo a Amurka ba su iya karanta shi. Abin da ya zama magana ga wasu ya zama ado ga wasu.

5. Kammalawa

Amsarmu ita ce: salon yana iya ɗaukar nauyin, amma da sharaɗi. Inda Teraoka ya jingina ga al'adar fatalwa, ya samar da makoki mai tuhuma. Inda ya jingina ga kyan geisha, saƙon yana dogara ga ilimin mai kallo. Shi kansa a shekarun 1990 ya karkata ga fentin mai da salon zanen majami'un Turai, abin da muke fassarawa da cewa ya ga iyakar tsohon salonsa. Ya rage ga masu nazari su binciki yadda aka karɓi waɗannan hotuna a Japan, inda ake iya karanta rubutun da ke jikinsu.