Idon Mai Gina Jikin Matasan 'Yan Wasa

Kafin ƙwararren koci ya bar yaro ya taɓa ƙarfe, abin da zai fara ce masa shi ne, "Kai yaro, tsuguna mu gani." Yaron zai yi dariya, don tun yana rarrafe yake tsugunno. Shi kuwa koci ya riga ya kafa ido. Yana duba ko dunduniya ta bar ƙasa, alamar agara ta ɗaure. Yana duba ko gwiwoyi sun karkato ciki suna neman haɗuwa, wanda ke nuna tsokar mazaunai da ta kwankwaso ba su riƙe komai ba. Sai gadon baya, ya miƙe ko ya ranƙwafa. Cikin tsugunno biyar ya hango aikin da zai ci masa watanni. Wannan ido shi ne jarin sana'ar, kuma ina ganin girmansa ƙwarai, domin mai shi ba ya samun tafi. Ranar da aikinsa ya yi kyau ita ce ranar da babu wanda aka ciccibo daga fili.

Jikin yaro yana da nasa ƙa'idoji. A ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi, daga nan ƙashin ke ƙara tsawo, kuma ba ya rufewa sai bayan balaga. Wurin ya fi sauran ƙashin rauni, shi ya sa iyaye da yawa ke tsoron cewa ɗaga ƙarfe yana tsumburar da yaro. Binciken likitoci bai gaskata wannan tsoro ba, muddin nauyin daidai yaron ne kuma akwai mai sa ido. Abin da ke ɓarna shi ne ɗaga abin da ya fi ƙarfinka, a karkace, don burge abokai. Wani abin sha'awa kuma, yaron da bai balaga ba yana ƙara ƙarfi sosai ba tare da damtsensa ya kumbura ba, saboda ƙwaƙwalwarsa ce ke koyon yadda za ta tara tsokoki su ja tare a lokaci guda. Kocin da ya san haka ba ya gaggawar ƙara kilo. Yana ƙara iyawa: tsalle da sauka a hankali, tsayuwa da ƙafa ɗaya, turawa, jawowa, birki cikin gudu.

Inda gwanintar ke fitowa fili shi ne lokacin da girma ya zo gadan-gadan, wajen shekara 11 zuwa 12 ga 'yan mata, 13 zuwa 14 ga samari. Yaro na iya ƙara santimita takwas ko goma a shekara guda. Ƙashi ya yi gaba, tsoka da jijiya suna biye a baya, a ɗaure. Sai ka ga ɗan wasan da bara ba a iya ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, bana yana tuntuɓe da kansa. Wani kuma ya fara ɗingishi, ƙasan ƙoƙon gwiwarsa ya yi ƙullutu mai zafi, ciwon da likitoci ke kira Osgood-Schlatter. Kocin da bai sani ba zai ce lalaci ne, ya ƙara masa zagayen fili goma, kuma wallahi an kashe baiwar yara da dama ta wannan hanya. Wanda ya sani kuwa yana da zane a jikin bango inda yake auna tsawon kowa duk bayan wata uku. Da ya ga zanen ya yi tsalle, sai ya rage gudu mai ƙarfi da yawan dira, ya ƙara miƙa jiki da ƙarfafa ciki da ƙugu. Magini ma ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya bushe.

Usain Bolt na Jamaika ya ci zinaren mita 200 a gasar matasa ta duniya a Kingston a 2002, yana ɗan shekara 15. Amma ƙashin bayansa a karkace yake, har ƙafarsa ta dama ta ɗan gaza ta hagu tsawo, kuma tsokar bayan cinyarsa ta yi ta ba shi wahala. A gasar Olamfik ta 2004 a Girka tun zagayen farko aka fitar da shi. Bayan nan ya koma hannun koci Glen Mills, wanda bai ruɗu da saurin yaron ba, ya mai da hankali kan ƙarfafa bayansa da cikinsa, aiki mai gundura da babu ɗan kallo ko ɗaya. Sai a 2008 duniya ta ga sakamako a ƙasar Sin, sannan a 2009 a birnin Berlin na Jamus ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.58. Kowa ya haddace wannan lamba, amma ni shekarun nan huɗu na haƙurin Mills sun fi burge ni.

Kada a ce sai mai ɗakin motsa jiki na miliyoyi. Hukumar FIFA ta fitar da wani tsarin ɗumama jiki mai suna 11+, na minti 20, wanda kayan aikinsa fili ne da ƙwallo da abokin atisaye. An gwada shi a kan matasan ƙungiyoyin ƙwallo a Legas, kuma sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A cikinsa akwai wani atisaye da nake so kowane koci na unguwa ya iya. Yaro ya durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu da hannu biyu. Daga gwiwa zuwa kafaɗa jikinsa a miƙe sambal, sai ya fara kifuwa gaba a hankali, yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya har sai ta gaza, ya tare ƙasa da tafin hannu. Za ka ji koci yana cewa, "Sannu-sannu, kar ka karya ƙugu! Riƙe, riƙe!" Sau uku zuwa biyar ya ishi sabon shiga, don washegari zai ji a jikinsa. Bincike ya nuna yin sa a kai a kai yana rage yagewar wannan tsoka da kusan rabi.

Sauran aikin kuma a wajen fili yake. Koci nagari yana tambayar yaro me ya ci da safe, don ya san wanda ya zo da koko zalla ba zai ɗauki abin da mai ƙosai da ƙwai zai ɗauka ba. Yana faɗa da wayar hannu saboda matashi na buƙatar barcin awa takwas zuwa goma, kuma a cikin hutun ne tsoka ke ginuwa. In zafin Afrilu ya tsananta ya mai da atisaye bayan asuba, in azumi ya kama ya sassauta, ko ya ɗaga zuwa bayan shan ruwa. Idan kuma ya tarar da ɗan shekara 12 a lungu yana kokawa da gwangwanaye biyu cike da siminti a jikin bututun ƙarfe, ba ya yi masa tsawa. Karɓa yake yi ya ajiye gefe, ya miƙa masa sanda ya ce, "Ɗora wannan a kafaɗa, ka yi mini goma masu kyau. Ranar Asabar mu duba gwiwar nan ta hagu."