Const ba kwaɗo ba ne a kan kuɗin jama'a

Wani yayi ya shigo wa matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Kankia da Kusada, musamman tun da gwamnatin tarayya ta fito da shirin horar da matasa fasahar zamani na 3MTT a 2023: kusan kowane layi na JavaScript sai an buɗe shi da const. Ka tambayi yaro dalili, ya ce maka const ne ke hana lamba canzawa. Wannan amsa tana damuna ƙwarai, domin hadda ce aka yi babu fahimta.

Tun da Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a 1995, lamba ba ta canzawa a inda take, da const ko babu. Idan ka ajiye 500 da sunan jimilla, sannan ka ƙara 200, ba 500 ɗin ce ta girma ba. Sabuwar lamba aka samar, 700, aka mayar da sunan kanta. Takardar naira 500 ba ta rikiɗewa ta zama ta 1000 a aljihu, sai dai ka cire ta ka sa wata.

Abin da const ke yi, tun zuwansa tare da let a 2015, shi ne hana a ɗauke suna a ɗora wa wani abu. Iyakarsa ke nan. Nan haɗarin yake. Yaron da ya rubuta wa 'yan adashen unguwarsu manhaja, ya ajiye jerin masu zubi da const, yana ganin ya kulle shi. Bai kulle komai ba. Ana iya cusa sabon suna a jerin, a goge wani, a mayar da zubin mutum daga 5000 zuwa 500, manhajar ko tari ba za ta yi ba. Hatta sort yakan hargitsa jerin na asali, shi ya sa aka kawo toSorted, wanda ba ya taɓa na asalin, a 2023. Object.freeze ma, da ake sa wa jeri don a hana canza shi, sama-sama yake karewa.

Ba na adawa da const, ni ma da shi nake aiki. Roƙona ga masu koyarwa, ko a shagon kwamfuta ne ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke maƙwabtaka da mu: kafin ɗalibi ya taɓa React, a zaunar da shi ya canza abin da ke cikin jerin const da hannunsa, ya gani da idonsa. Kuma duk inda kuɗi ya shigo, a sa shi ya riƙa lissafi da kwabo, tunda a JavaScript 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif.