Shekarar 999 da Salsalar Gidanku

Mai karatu, ka sha ganin an rubuta cewa Bagauda ya hau gadon sarautar Kano a shekarar 999. To, wa ya ga hakan har ya rubuta? Babu kowa.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, ya jero sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello ɗan Ibrahim Dabo. Sai dai bai faɗi shekarar hawan kowa ba, tsawon mulki kawai ya bayar. H. R. Palmer ne, da ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya tara waɗannan shekaru, ya yi lissafi da baya-baya har ya dira a 999. Kenan in an tsallake sarki ɗaya, ko an ƙara wa wani shekara goma, duk na gabansa sun goce.

Wannan ba ya nufin littafin tatsuniya ne. Lissafin ya sa Muhammadu Rumfa a 1463 zuwa 1499, kuma zuwan Shehu Magili Kano wajen 1492, wanda aka sani ta wasu hanyoyi, ya faɗa cikin wannan zamani. Nan akwai shaida ta biyu. Bagauda kuwa ba shi da ita, ga shi an ba shi mulkin shekara 66.

Yanzu dawo gida Kunci. A ce wani dattijo ya lissafo maka kakanni takwas, ya ce na farkonsu ya sari dajin da ya zama gonarku a zamanin jihadi, wajen 1807. Raba shekara 220 gida takwas: kusan 27 tsakanin uba da ɗa. Hankali zai ɗauka. Amma in kakanni goma sha biyu ne suka kai ka ga Bagauda, kowane uba sai ya haura shekara 80 kafin ya haihu. An zubar da sunaye a hanya, ko kuma an yi ɗori.

Abin ba wasa ba ne, domin da irin wannan salsala ake jayayyar gona da dagaci. Don haka je ka wurin tsofaffi tun suna raye, maza da mata, kowa daban. Rubuta wanda ya faɗa maka, da ranar. Inda bakinsu ya saɓa, kada ka gyara, ajiye duka biyun.